Magarya da Dungas: tukuicin wanda ya nuna hanya

A tsakanin Magarya da Dungas, wani tsohon ma'aikacin gandun daji ya shafe shekaru yana ɓoye gwangwani a gindin itace, yana tura abokinsa ɗan kasuwa ya je ya nemo da na'urar GPS. Wanda bai sani ba zai ce wasan yara ne. Amma a ƙasar da taku goma na gona ke iya raba zumunci, sanin wuri ya wuce wasa.

Duk ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, mutanen wata unguwa ta garin Magarya sun saba ganin mutum biyu zaune a tabarma ɗaya a ƙofar wani zaure. Ɗaya tsoho ne da ya ba saba'in baya, wanda ya yi aikin gandun daji har ya ajiye. Yaran unguwa Mushe suke ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe alli a lekol ba. Ɗayan kuwa magidanci ne da bai kai hamsin ba, mai sayen wake da riɗi yana kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shi Baba yake ce wa tsohon. Tsohon kuma Alhaji yake ce masa in da mutane, in su biyu ne ya ce masa yaro. Dukansu sun roƙi a sakaya sunansu, domin a cewar tsohon, mai ɓoye ajiya ba ya gayyatar maroƙi.

Shekaru da dama, kafin su rabu, tsohon yakan zaro ƴar takarda daga aljihun gaba ya miƙa. Babu komai a kanta sai layi biyu na lambobi: na sama ya fara da 12 ko 13, na ƙasa ya fara da 8 ko 9. Wani lokaci a ƙara kalma guda, kamar "kogo" ko "saiwa". Ɗan kasuwan ya ninke ta ya sa a hula. Kafin wata Juma'ar ta zagayo ya je ya dawo, ya ba da labarin abin da ya tarar: gwangwanin madara mai murfi, a cikinsa ɗan littafin rubutu da guntun fensir, tare da wani ɗan abin tunawa, maɓalli ne ko tsohon anini mai huda. Ya rubuta rana ya sa hannu, ya ɗauki abu ɗaya ya bar wani a madadinsa, ya mayar da gwangwanin yadda ya same shi.

Wasan da ya faro daga Amurka

Wannan wasa ba tsohon ne ya ƙago shi ba. Turawa na kiransa jiyokashin, su kuwa waɗannan aminai farautar ajiya suke ce masa. Tushensa na'urar GPS ce, wadda a yau take cikin kusan kowace wayar salula. Taurarin ɗan adam na Amurka ne, da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kowanne na aiko da saƙon da ke ɗauke da lokacin da ya taso. Na'urar da ke hannu takan saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna jinkirin da kowane saƙo ya yi a hanya, daga nan ta lissafo inda mai riƙe da ita yake tsaye. Ba ta cin kuɗin kira, kuma tana aiki ko a inda layin waya bai kai ba.

Da farko sojan Amurka kan gurɓata saƙon da gangan, ta yadda farar hula zai iya kuskure wuri da kusan mita 100. Ranar 2 ga watan Mayu na shekara ta 2000, bisa umurnin shugaba Bil Kilinton, aka daina wannan gurɓatawa, kuskuren ya sauko zuwa kamar mita 10. Washegari, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya kai daji kusa da Beavercreek, a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset da gwangwanin wake da littafin sa hannu, sannan ya bayyana lambobin wurin ya ce mai iyawa ya nemo. Cikin kwana uku mutum biyu suka gano shi, na farkonsu Mike Teague. A watan Satumba na wannan shekara ajiyoyi 75 ne aka sani a duniya baki ɗaya. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Amma ko a can Turai wasan yana da kaka. A shekara ta 1854, wani ja-gaba mai suna James Perrott, wanda ke raka baƙi a jejin Dartmoor na Ingila, ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa domin duk wanda ya isa ya bar katinsa a ciki. Ran da tsohon Magarya ya ji wannan labari daga bakin wani ma'aikacin furoje, abin da ya fi burge shi ke nan: ashe ja-gaba ne ya fara, tun kafin a san na'ura.

Amincin da ya faro daga shari'ar gona

Ba a wasa suka haɗu ba. Bayan rasuwar mahaifin ɗan kasuwan, rigima ta tashi tsakaninsa da wani ɗan baffansa a kan iyakar gonar gado. Shingen aguwar da ke tsakani ya mutu, babban gawon da kakanninsu suka ɗauka alama ya faɗi an yi itacen wuta da shi. Abin da ake ja a kai bai wuce taku goma sha biyu ba a faɗi, amma har matan gidajen biyu sun daina gaisawa a rijiya.

Wanda ya san wannan yanki ba zai yi mamaki ba. Ƙidayar shekara ta 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga cikin Magarya a shekara ta 2011. Yanki ne da ke cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Gona na tsukewa a kowane rabon gado, saura ta ƙare, burtali na ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Kuma ba a manta abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Bayan haka ne, ranar 2 ga watan Maris na 1993, aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, daga ƙauye zuwa gunduma. Mirya na cikin wuraren farko da aka gwada su a 1994. Aikinsu shi ne shaida mallakar gona a rubuce, da shata burtali da makiyaya da mashaya.

Mai gari ya sa aka kira tsohon, domin ya taɓa ƙidayar itatuwa a wannan daji. Ɗan kasuwan ya ji daɗi da ya ga na'ura rataye a wuyansa, yana zaton nan take za ta yanke hukunci. Sai tsohon ya bar ta a rataye. Ya tara dattawan ƙauye uku da suka yi noma tare da iyayen masu rigimar, ya bi su a hankali yana tambaya, har suka tsaya a wani ɗan tudu. Ya karɓi hauya ya sa aka tona, sai ga ruɓaɓɓen kututturen gawon. Da kowa ya gani ya yarda, sannan ya kunna na'urar, ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu, aka shigar da su a takardar Kofo, kowa ya dangwala.

Hukuncin bai yi wa ɗan kasuwan daɗi ba, domin kashi biyu cikin uku na wurin ɗan baffansa ya tafi da shi. Ya yi wata guda ko sallama ba ya yi wa tsohon. Sannan wata rana da la'asar ya zo zauren, ya cire takalmi ya zauna, ya ce: "Baba, na zo ne a koya mini abin nan. Amma me ya sa ba ku kunna shi tun farko ba?" Tsohon ya ce: "Yaro, lamba shaida ce kan abin da mutane suka riga suka yarda da shi. Ba ta yin sulhu."

Darasin lamba, da darasin ƙafa

Koyarwar ta ɗauki rani biyu. Tsohon ya fara da busol da tsohuwar taswira, ya hana almajirinsa taɓa na'ura sai da ya iya nuna arewa da rana da dare. Sannan ya fassara masa lambobin. Layi na sama na faɗin nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa. Layi na ƙasa na faɗin nisansa daga layin Girinwic na Ingila zuwa gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, kuma kowane digiri an kasa shi minti 60, kowane minti kusan mita 1,850. Ke nan wanda ya kuskure lamba ɗaya tak a gurbin minti, zai tsinci kansa kusan kilomita biyu daga inda ya nufa, a gonar wani, ko ma a wata ƙasa in yana kusa da Tinkim. Ga ɗan kasuwar da ya saba da mudu da tiya, wannan magana ta shiga nan da nan: sifiri ɗaya a lissafi ke raba riba da karaya.

Gwangwani na farko bai wuce bayan gari ba, amma sai da ɗan kasuwan ya yi zuwa uku. Na'urar ta ce ya iso, shi kuwa bai ga komai ba sai karan gero da itatuwa huɗu. Da ya dawo yana ƙorafin cewa na'urar ta lalace, tsohon ya yi dariya ya gaya masa cewa na'ura kan kai mutum kusa ne kawai. Mita goman ƙarshe na ido ne da tunani. Ina mai hankali zai sa gwangwani don kada awaki su ture shi, gara ta ci littafin, yara masu kiwo su hango? A zuwa na huɗu ya same shi a kogon aduwa, daidai tsayin ƙirji.

Akwai wani wuri da tsohon ke ji da shi. Kamar kilomita 10 gabas da garin Magarya, ta wajen Dungas, layin digiri 13 na arewa ya gitta layin digiri 9 na gabas. Tun daga 1996 akwai wasu masu sha'awa a duniya da ke tafiya takanas domin su tsaya a irin wannan mahaɗa su ɗauki hoto. Aminan biyu sun je a kan babur. Babu tuta, babu turke, babu wata alama da ido zai kama. Suka yi ta matsawa taku ɗaya gaba, taku biyu hagu, har sifirai suka jeru a fuskar na'urar. Tsohon ya nuna wa abokinsa cewa wannan mahaɗa a takarda kawai take. Mutanen da ke zaune kusa da ita sun san sunan kowane tudu da kwari, amma ba su taɓa jin labarinta ba, kuma rashin jin bai rage su da komai ba.

Daga nan yakan gangaro kan tarihin iyaka. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta bar wa Faransawa hanya marar ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin domin su sami rijiyoyi. Daga 1906 zuwa 1908, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar daga Kwara har tafkin Cadi, suna auna wuri da taurari da agogo, suka kafa turaku 148, aka sa hannu kan aikin a Landan a 1910. Layin nan ne ya ratsa kudancin Magarya da Dungas, ya bar dangi a Zango da Baure da Babban Mutum a wancan gefe. Tafintan tawagar, Landeroin, ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin masarautun yankin, har da ƙasar Sosebaki ta Dungas da Waca. Abin da tsohon ke jan hankali a kai shi ne, duk da taurarin da agogon, sai da aka sami ɗan gari ya nuna rijiya kafin ayari ya sha ruwa, kuma sunayen akasarin waɗannan ja-gaba ba su shiga littafi ba.

Abin da gawo ya koya wa ma'aikaci

Galibin gwangwanayen a kusa da gawo suke, kuma ba banza ba. Gawo itace ne mai saɓa wa ƴan uwansa: da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ta kewaye albarka. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, ya tsananta hukunci kan mai sare shi.

Tsohon ba ya ɓoye cewa a farkon aikinsa tara ya sani. A lokacin ana ɗaukar itace a matsayin na gwamnati ko da a gonar mutum ya tsiro, don haka manomi kan cire toho tun yana ƙarami kada ya jawo wa kansa ma'aikaci. Sai ga farin 1973 da na 1984, iska ta riƙa kwashe ƙasa tana binne shuka, maza suka tafi ci-rani. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman yankin suka fara barin tohon gawo a gonakinsu, suna sassabe shi suna renonsa, ba tare da wani ya ba su ko dala ba.

Duniya ba ta farga ba sai bayan shekara ashirin. A 2006, binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a Magarya da Matamai da Mirya ya ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 1 ta sake rufuwa da itatuwa, akasari gawo. Wani masanin taswira na Amurka, Gray Tappan, ya gwama hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan adam na 2005, aka ga ƙauyukan da suka ninka itatuwansu sau da yawa alhali jama'arsu ta ƙaru. A kudancin Nijar baki ɗaya an yi maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan itacen da ya rena. Tsohon kan ce shi shekara talatin ya yi yana ɗauka shi ke koya wa manoma, ashe su ke koya masa. Shi ya sa yake tura abokinsa gindin gawo: in ya je neman gwangwani, dole ya ɗaga kai ya ga itacen, dole kuma ya gaida mai gonar.

Ƙa'idojin tsoho

Masu wasan a duniya suna da dokokinsu: ba a binne ajiya a rami, ba a sa abinci a ciki, ba a ajiyewa a filin wani sai da izininsa. Tsohon ya karɓi waɗannan ya ƙara nasa. Ba a farauta daga shuka har a cire amfanin gona. Ba a kusantar maƙabarta. Ba a ajiya kusa da iyaka, ko bariki, ko shingen jandarma da ƴan duwan, domin a wannan zamani na rashin tsaro baƙon da ke zagaye itace da na'ura a hannu zai iya kwana inda bai shirya ba. Kafin a shiga dajin kowane ƙauye sai an yi sallama da mai gari an faɗi abin da ya kawo mutum. Dokar ƙarshe ita ce ta fi ba ɗan kasuwan wuya: in ka ɓata, kashe na'urar ka tambayi na farkon da ka gamu da shi, ko yaro ne. Matambayi ba ya ɓata.

Ribar ba ta tsaya ga nishaɗi ba. A yau ɗan kasuwan na da lambobin kowane ƙauye da yake sayen kaya tsakanin Bande da Dogo-Dogo, ya san hanyar da ke cin mota da damina, yakan tura direba inda bai taɓa zuwa ba ya isa lafiya. Sau biyu kuma an kira shi shaida a rigimar gona. Duka biyun ya bar wayarsa a aljihu sai da dattawa suka gama magana.

Da ido ya gaza

Tun bara yanar ido ta rufe wa tsohon gani, har ba ya iya karanta lambobin da hannunsa ya rubuta. Abokinsa ya kai shi Damagaram wurin likitan ido, ana jiran ranar aiki. Zaman Juma'a bai tsaya ba, sai dai takarda ta sauya hannu. Yanzu ɗan kasuwan ne ke ɓoye gwangwani, ɗansa da wasu yaran kwalej guda huɗu ke nema. In sun dawo hannu wofi, tsohon kan sa su zauna ya tambaye su abin da ke gabas da su a inda na'urar ta tsaya, da itacen da ke hagu, da inda hanyar shanu ta bi. Daga kan tabarmarsa yake gaya musu su koma su duba saiwar da ke kallon arewa, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Akwai kuma wani aiki da ɗan kasuwan ya ɗora wa kansa. Tsohon na da littattafai bakwai da ya cika tun yana aiki: rijiyoyi da zurfinsu, tabkunan da ke ƙafewa da waɗanda ke kai rani, tsofaffin burtali da sunayensu, manyan itatuwan da ƙauyuka suka ɗauka iyaka. Gara ta fara cin biyu daga ciki. Kowane dare bayan isha'i Alhajin kan karanta shafi ɗaya da ƙarfi, tsohon ya gyara, yaro ya kwafe a sabon littafi. In an gama, niyyarsu su miƙa kwafi ga hukumar filaye, domin ranar da wani kututture zai ɓace, a sami inda za a duba.

Da aka tambayi ɗan kasuwan abin da zai saka wa malamin nasa da shi, ya yi shiru, sannan ya ce mutumin da ya raba shi da taku takwas na gona shi ne ya mayar masa da ɗan baffansa, kuma bai san farashin wannan a kasuwa ba. A littafin da ke cikin gwangwani na farko, wanda har yanzu yake kogon aduwar nan, ya koma ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin sa hannunsa: "Baba ne ya nuna mini."

Irin wannan tsoho ba a Magarya kaɗai yake ba. Kowace gunduma tana da nata: tsofaffin ma'aikatan gona da na dabbobi, masu haƙar rijiya, ardo-ardon Fulani, direbobin da suka san ƙasar tun babu kwalta. Na'ura ta zo, kuma alheri ce. Amma abin da ke kansu babu tauraron da ya ɗauke shi hoto. Ya kamata magadan gari da shugabannin Kofo su aika matasan ma'aikatansu su zauna da su tun ana iya jin muryarsu, su kuma ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka taɓa samun wanda ya riƙe hannunsu su tuna cewa yaba kyauta tukuici ne, kuma ya fi daɗi mai kyautar na raye. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa da alheri.